Kwantiragi da rauni a gasar NBA: wa ke ɗaukar asara idan tauraro ya kwanta jinya?

A kakar wasa ta 2024-2025, Joel Embiid, haifaffen Yawunde da ke buga wa Philadelphia 76ers a gasar ƙwallon kwando ta NBA, wasa 19 kacal ya buga daga cikin 82 da kowace ƙungiya ke yi. Albashinsa na wannan kakar ya haura dala miliyan 51, kuma ciwon gwiwar da ya zaunar da shi bai rage masa ko dala ɗaya ba. Wata guda kafin a buɗe kakar ma, ƙungiyar ta tsawaita masa kwantiragi da shekara uku a kan kusan dala miliyan 193, abin da ya haura biliyan 100 na kuɗin sefa.

Irin waɗannan alƙaluma ne ke rura gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu kallon NBA, daga Amurka har zuwa Kamaru da maƙwabtanta, inda wasannin ke farawa daga misalin ƙarfe ɗaya na dare. Wasu na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda ke karɓar irin wannan kuɗi ba shi da hujjar zama a benci. Wasu kuma na cewa a bakin aikin ƙungiya aka ji ciwon, kuma ba wanda ya tilasta wa masu ita su sa hannu. Idan aka bi dokokin gasar da abin da ya faru da 'yan wasa daban-daban, za a ga cewa wanda ke ɗaukar asara ya dogara ne da lokacin da raunin ya zo: kafin a sa hannu, ko bayan an sa.

Albashin da rauni ba ya taɓawa

Dokokin albashi a NBA suna cikin wata doguwar yarjejeniya tsakanin masu ƙungiyoyi 30 na gasar da ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa. Wadda ake aiki da ita yanzu ta fara ne a watan Yulin 2023, kuma za ta kai ƙarshen kakar 2029-2030, sai dai in wani ɓangare ya zaɓi ficewa shekara ɗaya kafin nan. A ƙarƙashinta, 'yan wasa ne ke raba kusan rabin kuɗin da gasar ta samu daga talabijin, tikiti da tallace-tallace, tsakanin kashi 49 zuwa 51 cikin ɗari.

Kusan duk manyan 'yan wasa kwantiragi mai lamuni suke sa wa hannu. Ma'anarsa ita ce ƙungiya za ta biya kuɗin gaba ɗaya, ko ɗan wasan ya ji rauni a fili ko wajen atisaye, ko ƙwazonsa ya ragu, ko ma an sallame shi. Yarjejeniyar ba ta wajabta wa kowane kwantiragi lamuni ba. Al'ada ce da ta kafu saboda 'yan wasa biyar kawai ke cikin fili daga kowane ɓangare, tauraro ɗaya na iya sauya makomar ƙungiya, kuma wanda aka hana shi lamuni a nan zai samu a can. Ƙananan 'yan wasa ba su da wannan gata. Akwai masu kwantiragin kwana goma, akwai kuma waɗanda albashinsu na kaka ba ya tabbata sai sun kai ranar 10 ga Janairu ba a sallame su ba.

Mai kallon da ya saba da ƙwallon ƙafa ta Turai zai ga bambanci a nan. Ƙungiyoyin NBA ba sa sayen ɗan wasa daga juna da kuɗin sauyin sheƙa. Musaya ake yi, ɗan wasa ya tafi da kwantiraginsa yadda yake, kuma galibi sai albashin masu tafiya ya yi kusa da na masu zuwa. Saboda haka tauraro mai babban albashi da gwiwa mara lafiya kaya ne mai wuyar saukewa. Sau da yawa sai ƙungiya ta haɗa da gurbinta na zaɓen sababbin 'yan wasa kafin wata ta yarda ta karɓe shi.

Iyakar albashi: dalilin da abin ke ci wa magoya baya rai

Mai goyon baya ba daga aljihunsa ake biyan Embiid ba. Abin da ke damunsa shi ne iyakar albashi, wato adadin da gasar ke ƙayyade wa kowace ƙungiya ta kashe a kan 'yan wasanta. A kakar 2024-2025 iyakar ta kai kusan dala miliyan 140.6, a ta 2025-2026 kuma ta hau zuwa kusan miliyan 154.6.

Albashi mafi girma da mutum ɗaya zai iya fara kwantiragi da shi kaso ne na wannan iyaka: kashi 25 cikin ɗari ga wanda bai wuce shekara shida a gasar ba, kashi 30 ga mai shekara bakwai zuwa tara, kashi 35 ga mai shekara goma ko fiye. Wanda ya lashe kyautar gwarzon kaka ta MVP, ko ta gwarzon mai tsaron baya, ko ya shiga jerin fitattun 'yan wasa 15 na kaka, zai iya tsallakawa zuwa mataki na gaba tun kafin shekarunsa su kai. Tsawon kwantiragi ba ya wuce shekara biyar idan da ƙungiyarsa ya sabunta, ko huɗu idan wata ya koma.

Albashin mai jinya yana nan a lissafin ƙungiya kamar yana wasa. A kakar da Embiid ya buga wasa 19, shi kaɗai ya cinye fiye da kashi ɗaya bisa uku na iyakar albashin Philadelphia. Paul George, da aka ɗauko a Yulin 2024 a kan dala miliyan 212 na shekara huɗu, shi ma rabin wasannin kakar kawai ya samu bugawa. Ƙungiyar da aka yi wa kallon mai neman kofi ta ƙare da nasara 24 da rashin nasara 58.

Ana iya wuce iyakar ta wasu hanyoyi, amma akwai wani layi a sama wanda duk ƙungiyar da ta haura shi za ta biya haraji. Yarjejeniyar 2023 ta ƙirƙiro wani layin da ke can sama da wannan, wanda ya kai kusan dala miliyan 189 a 2024-2025. Ƙungiyar da ta tsallake shi ba ta da ikon haɗa albashin 'yan wasa biyu ta musanya da babba ɗaya, ba ta iya ƙara tsabar kuɗi a musaya, kuma ana ɗaure mata ɗaya daga cikin guraben zaɓenta na gaba. An ga tasirin haka a Boston Celtics. Jayson Tatum, mai kwantiragin dala miliyan 314 na shekara biyar, ya tsinke agara a watan Mayun 2025. Bayan 'yan makonni ƙungiyar ta musanya Jrue Holiday da Kristaps Porzingis, biyu daga cikin waɗanda suka ci mata kofi a 2024, domin ta rage lissafi.

Tarihin Embiid da Philadelphia

Babu wanda labarinsa ya tattara wannan muhawara kamar Embiid. An haife shi a 1994, kuma sai da ya kai kimanin shekara 15 ya fara ƙwallon kwando. Ɗan ƙasarsa Luc Mbah a Moute, wanda ke buga NBA a lokacin, shi ya hango shi a wani sansanin horo a Kamaru. Philadelphia ta zaɓe shi na uku a 2014, kwanaki kaɗan bayan an yi masa tiyata a wani ƙashi na ƙafarsa ta dama. Ƙashin bai warke yadda ake so ba, aka sake tiyata a 2015, ya rasa kaka biyu cur. A ta uku ya buga wasa 31, sai gwiwar hagu ta tsayar da shi.

Da waɗannan wasanni 31 ƙungiyar ta ba shi kwantiragin shekara biyar na kusan dala miliyan 148 a Oktoban 2017. Ta dai sa sharaɗin da zai ba ta damar sallamarsa da ragin kuɗi idan tsohon ciwon ƙafa ko na baya ya dawo da tsanani. Ba a taɓa amfani da sharaɗin ba. A shekarun da suka biyo baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun gasar, ya fi kowa yawan maki a kaka biyu a jere, ya kuma lashe MVP a 2023. Masu goyon bayan ba wa mai rauni babban kwantiragi da wannan suke kafa hujja.

A Janairun 2024 ya ci maki 70 a wasa ɗaya da San Antonio Spurs. Kwanaki kaɗan bayan haka bai buga wasan Denver ba saboda gwiwa, aka yi masa ca, ana cewa gudun haɗuwa da Nikola Jokic yake yi. Ranar 30 ga watan ya dawo a wasa da Golden State Warriors, wani ɗan wasa ya faɗo masa a ƙafa, guringuntsin gwiwar hagu ya samu matsala, aka yi tiyata. Ya ƙare kakar da wasa 39. Duk da haka ya je wasannin Olamfik na Paris, ya ci zinare da tawagar Amurka, wadda ya zaɓa a kan Faransa da Kamaru. A Satumba aka sa hannu a kwantiragin miliyan 193, wanda zai kai 2029. A Fabrairun 2025 ƙungiyar ta sanar da cewa ya gama kakar, a Afrilu aka sake yi wa gwiwar aiki. Masu sukar irin wannan kwantiragi kuma da wannan suke kafa tasu hujjar.

Idan rauni ya zo bayan sa hannu

A wannan hali ƙungiya ce ke ɗaukar nauyin. Grant Hill ya koma Orlando Magic a shekara ta 2000 a kan dala miliyan 93 na shekara bakwai, da ciwon idon sawu a jikinsa. A kaka huɗu na farko wasa 47 ya buga gaba ɗaya. Derrick Rose na Chicago Bulls, wanda ya ci MVP a 2011 yana ɗan shekara 22, ya sa hannu a kan kusan miliyan 95 a Disambar wannan shekara. A Afrilun 2012 jijiyar cikin gwiwarsa, wadda likitoci ke kira ACL, ta tsinke. Ya rasa kakar gaba ɗungurungum, kuma bai sake komawa matsayinsa na da ba. A wannan kakar magoya bayan Chicago sun rabu gida biyu, bayan labari ya fita cewa likitoci sun ba shi izinin dawowa amma shi ya ce jikinsa bai shirya ba.

Gordon Hayward ya karya ƙafa kimanin minti biyar da fara wasansa na farko a Boston a 2017, bayan ya sa hannu a kan miliyan 128. John Wall na Washington Wizards ya samu ƙarin shekara huɗu a kan kusan miliyan 170, sannan ya zame a gidansa a 2019 ya tsinke agara tun kafin sabon kwantiragin ya fara aiki. Dukansu an biya su.

Idan rauni ya riga sa hannu

A nan kuma ɗan wasa ne ke kwana ciki. Misalin da aka fi ambata shi ne Isaiah Thomas, gajeren ɗan wasan Boston mai tsayin mita 1.75. A kakar 2016-2017 yana cin kusan maki 29 a kowane wasa, ya zo na biyar a zaɓen MVP, albashinsa bai kai dala miliyan bakwai ba. Ya shiga zagayen neman kofi da ciwon ƙugu, kwana ɗaya bayan ƙanwarsa ta rasu a hatsarin mota, ya ci gaba da wasa har ciwon ya kayar da shi. Saura masa shekara ɗaya ya nemi kwantiragi mafi girma. A watan Agusta Boston ta musanya shi zuwa Cleveland. A 2018, bayan tiyata, kwantiragin shekara ɗaya na kusan miliyan biyu ya samu a Denver, mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya mai shekarunsa.

DeMarcus Cousins na New Orleans Pelicans ya tsinke agara a Janairun 2018, watanni kaɗan kafin kwantiraginsa ya ƙare, a lokacin da yake cin maki 25 a kowane wasa. Ana sa ran zai samu sama da miliyan 100. Abin da ya karɓa shi ne miliyan 5.3 na shekara ɗaya a Golden State.

Akwai 'yan kaɗan da sunansu ya fi ƙarfin wannan ƙa'ida. A wasannin ƙarshe na 2019, waɗanda Toronto Raptors ta ci da Pascal Siakam na Duwala a cikinta, taurarin Golden State biyu sun faɗi. Kevin Durant ya dawo daga ciwon sha-raɓa bayan wata guda yana jinya, ya yi minti 12 a fili, agararsa ta tsinke. Klay Thompson ya tsinke jijiyar gwiwa a wasan da ya biyo baya. Duk da haka Brooklyn Nets ta ba Durant miliyan 164 na shekara huɗu, tana sane da cewa ba zai taka fili a shekarar farko ba, Golden State kuma ta ba Thompson miliyan 190. Thompson ya ƙara tsinke agara a 2020, ya rasa kaka biyu, ya dawo a Janairun 2022, ƙungiyar ta ci kofi a wannan shekarar.

Wannan ne ya sa wakilan 'yan wasa ke matsa wa a sa hannu da wuri, ya kuma sa wanda kwantiraginsa ke gab da ƙarewa ke tunani sau biyu kafin ya yi wasa da ciwo. Abin da magoya baya ke kira jarumta, a wajen Thomas asarar dukiyar rayuwa ya zama.

Hutar da taurari da ƙa'idar wasa 65

Tunda ƙungiya ce za ta biya ko ana wasa ko ba a yi, ta fi kowa son kare jikin da ta zuba wa kuɗi. Daga nan ne al'adar hutar da tauraro mai lafiya ta samo asali, musamman idan wasa biyu suka zo a dare biyu a jere. A Nuwamban 2012 kocin San Antonio, Gregg Popovich, ya mayar da Tim Duncan, Tony Parker, Manu Ginobili da Danny Green gida kafin wani wasa da Miami Heat da za a nuna a faɗin ƙasar. Shugaban gasar na lokacin, David Stern, ya ci tarar ƙungiyar dala 250,000. Tarar ba ta hana al'adar yaɗuwa ba. Ta ƙara samun karɓuwa a 2018-2019, lokacin da Toronto ta bar Kawhi Leonard ya buga wasa 60 kawai, ya shiga zagayen neman kofi da ƙarfinsa, ya kai ta ga nasara.

Wanda ya sayi tikiti mai tsada ya iske tauraron a benci da kayan gida yana da ƙorafi, haka ma gidajen talabijin. A 2024 NBA ta ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni ta shekara 11 da Disney, NBC da Amazon a kan kusan dala biliyan 76, kuma tun ana shirin wannan ciniki gasar ta ɗauki matakai biyu a 2023. Na farko ya hana ƙungiya hutar da taurari biyu masu lafiya a wasa ɗaya, ko hutar da tauraro a wasan da ake nunawa a faɗin ƙasa. Tarar laifin farko dala 100,000 ce, na biyu 250,000, daga nan kowane laifi na ƙaruwa da miliyan ɗaya. Mataki na biyu shi ne sai ɗan wasa ya buga aƙalla wasa 65, kusan kowanne na minti 20 ko fiye, kafin ya cancanci MVP, gwarzon mai tsaron baya ko shiga jerin fitattu 15.

Da yake waɗannan kyaututtuka ne ke ɗaga albashi daga wani mataki zuwa wani, ƙa'idar ta ɗaure kuɗi da adadin wasa. Tyrese Haliburton na Indiana Pacers ya ji ciwo a tsokar bayan cinya a Janairun 2024, ya dawo da wuri, ya kuma fito fili ya soki ƙa'idar. Ya kai wasa 69, ya shiga jerin fitattun, kwantiraginsa ya tashi daga kusan miliyan 204 zuwa kusan 245. Embiid kuwa a wannan kakar yana kan gaba a neman MVP na biyu, kuma da yawa sun danganta dawowarsa a wasan da ya ji ciwo da matsin wannan ƙa'ida da kuma gorin da aka yi masa. Victor Wembanyama ɗan Faransa ya rasa damar zama gwarzon mai tsaron baya a 2025, bayan an gano daskararren jini a jijiyar kafaɗarsa ya tsaya a wasa 46.

Ko hutun na hana rauni? Wani rahoto da NBA ta raba wa ƙungiyoyi a Janairun 2024 bai gano alaƙa tsakanin hutar da ɗan wasa da raguwar rauni ba. Masu horarwa irin su Steve Kerr na Golden State na ganin matsalar tana cikin yawan wasannin ne da saurin da ake yi yanzu, sun kuma sha kiran a rage adadin 82 da ake yi tun kakar 1967-1968. Rage wasa na nufin rage kuɗin shiga, kuma rabin wannan kuɗi na 'yan wasa ne, shi ya sa maganar ba ta wuce baki. Ta sake tasowa a 2025, lokacin da taurari uku suka tsinke agara a zagayen neman kofi: Damian Lillard a Afrilu, Tatum a Mayu, sai Haliburton, abokin wasan Siakam a Indiana, a wasa na bakwai na ƙarshe ranar 22 ga Yuni, yana wasa da ciwon sha-raɓa kamar yadda Durant ya yi.

Hanyoyin da ƙungiya ke rage asara

Hanya ta farko inshora ce. Gasar na da tsarin bai ɗaya da ke rufe manyan albashi na kowace ƙungiya, ya mayar mata da kaso mai yawa idan ɗan wasa ya rasa kusan rabin kaka saboda ciwo ɗaya. Kamfanin inshora na iya ƙin rufe wata gaɓa mai tarihin ciwo, kamar yadda aka yi da gwiwoyin Amar'e Stoudemire lokacin da New York Knicks ta ba shi kusan miliyan 100 a 2010. Inshora na taimaka wa aljihun mai ƙungiya, amma ba ta cire albashin daga lissafin iyaka.

Ta biyu, idan likitan da gasar ta naɗa ya tabbatar ɗan wasa ba zai dawo a kakar ba, ana ba ƙungiya damar ɗauko mutum ɗaya na shekara ɗaya, a kan abin da bai wuce rabin albashin mai jinyar ba, kuma bai wuce wani matsakaicin adadi da aka ƙayyade ba. Wannan kuɗi ba ya sayen tauraro.

Ta uku ta shafi ciwon da ya kawo ƙarshen wasa baki ɗaya. Chris Bosh na Miami, mai kwantiragin miliyan 118, ya daina wasa a 2016 saboda daskarewar jini. A 2017, bayan hukuncin likitoci, an cire albashinsa daga lissafin ƙungiyar, shi kuma aka ci gaba da biyansa.

Ta huɗu ita ce a sallami ɗan wasa a shimfiɗa sauran kuɗinsa a kan ninki biyu na shekarun da suka rage da ƙarin shekara ɗaya. Milwaukee Bucks ta yi haka da Lillard a Yulin 2025. Kusan miliyan 113 da suka rage masa na shekara biyu aka raba a shekara biyar, wato kimanin miliyan 22.5 na lissafinta duk shekara na tafiya ga mutumin da ya koma Portland.

Ta biyar ita ce sharaɗi tun daga farko, irin wanda aka sa wa Embiid a 2017. Zion Williamson na New Orleans, wanda ya rasa kakar 2021-2022 gaba ɗaya, ya sa hannu a 2022 a kwantiragin da lamuninsa ke rataye da nauyin jikinsa da yawan wasannin da ya buga.

Raunin da lamuni bai rufe ba

Kwantiragin NBA ya hana ɗan wasa wasu abubuwa masu hatsari, ciki har da hawa babur. Jay Williams na Chicago ya yi hatsarin babur a 2003, shekara ɗaya da shigarsa gasar, bai sake buga wasan NBA ba. Ƙungiyar na da ikon soke kwantiragin, amma ta sallame shi da kusan dala miliyan uku. A 2008 Golden State ta dakatar da Monta Ellis wasa 30 babu albashi bayan ya ji ciwo a kan ƙaramin babur.

Wasan ƙasa kuma yana da nasa rikicin. Paul George ya karya ƙafa a 2014 a wasan gwaji na tawagar Amurka, Indiana ta rasa shi kusan duk kakar. Danilo Gallinari ya tsinke jijiyar gwiwa yana buga wa Italiya a 2022, makonni bayan ya koma Boston, bai taɓa buga mata wasa ba. Ƙungiyar da ke biyan albashi ita ke asara, ƙasa ke samun lambar yabo. Wannan na cikin dalilan da ke sa fitowar tauraron NBA a rigar ƙasarsa ke zuwa da dogon ciniki kan inshora da izinin likitoci.

Inda muhawarar ta tsaya

Masu sukar kwantiragi mai lamuni na da gaskiya a kan cewa kuskure ɗaya na iya ɗaure ƙungiya shekara huɗu ko biyar, kuma mai kallo ne ke zama da sakamakon. Sai dai kuɗin da za a hana mai jinya ba ya komawa ga mai kallo. Kason 'yan wasa na kusan rabin kuɗin shiga a ƙayyade yake, don haka cire lamuni zai sauya yadda suke raba shi a tsakaninsu ne kawai, ya kuma mayar da hatsarin kan wanda jikinsa ke cikin fili.

Masu kare 'yan wasa su ma na da gaskiya a kan cewa ƙungiya na ganin takardun likita kafin ta sa hannu. Philadelphia ta san gwiwar Embiid a Satumban 2024 fiye da duk wani mai sharhi. Ta auna cewa rasa ɗan wasa irinsa ya fi hatsari a kan biyansa yana jinya, kamar yadda ta auna a 2017 ta kuma ci riba. Abin da wannan ɓangare ba ya cika faɗa shi ne lamunin na manya ne. Ƙaramin ɗan wasan da ya ji ciwo a shekararsa ta ƙarshe ba ya shiga labarai, kuma shi ne ya fi kowa asara.

Dokokin da suka haifar da wannan yanayi, wato lamuni, iyakar albashi da ƙa'idar wasa 65, za su koma teburin ciniki idan yarjejeniyar 2023 ta zo ƙarshe. Mafi kusa da za a iya buɗe ta shi ne bayan kakar 2028-2029, shekarar da kwantiragin Embiid shi ma ke ƙarewa.